Marka da Tafiya a Kudancin Kano

Idan Agusta ya kama, damina ta kai tsakiyarta a ƙasar Kano. Lokacin marka ke nan: gari ya lumshe, ruwa ya wuni yana zuba, wani sa'in a kwana biyu ba a ga rana sosai ba. Mafarinsa iska ce mai ɗauke da danshi daga Tekun Atilantika. Tun bazara take tura busasshiyar iskar Sahara arewa, a Agusta kuwa takan kai ta har wajen Agadez, sai hadari ya samu wurin zama a kan ƙasar Hausa. Zafin da kan kusanci digiri 40 a Afrilu yakan sauko wajen 30. Mai dawowa daga Umara a wannan wata ya fi kowa jin bambancin, domin ya baro Jidda cikin zafi da gumin bakin teku, inda Agusta kan wuce ƙasa a bushe, ya sauka gida ya tarar da laka.

Kudancin jihar ya fi birni samun ruwa. A Doguwa abin da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,000, damina kuma ta riga ta birni faɗuwa. Mai zuwa can daga Kano zai bi titin Zariya ta ƙasar Bebeji, ya karya a Kwanar Ɗangora da ke Kiru, ya wuce Tudun Wada da fadamunta na shinkafa, ya ratsa Dajin Falgore, sannan ya ɓulla Doguwa a kan hanyar Saminaka da Jos. Yana tafiya ƙasa tana hawa, har zuwa duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza.

Wannan hawan shi ne abin da baƙo ya kamata ya riƙe. Ruwan da ya zuba a kan duwatsun kudu gangarowa yake arewa ta ƙoramu, ya faɗa Kogin Kano, ya taru a madatsar Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Saboda haka ruwan da ke tare mutum a hanya sau da yawa ba a kansa ya sauka ba. Ana iya barin gida rana tana haske, a isa mashigi a tarar rafi ya kawo, jajir da shi, yana jan kara da rassan itace, don an kwana ana sheƙa ruwa a wani wuri mai nisa. Shi ya sa direban da ya san hanya, in ya tsaya a tasha, ba sama kaɗai yake duba ba. Yakan tari wanda ya fito daga kudu ya ce, "Malam, an yi ruwa a wajenku jiya?"

A bakin irin wannan mashigi ake ganin ilimin mutanen wurin. Wani dattijo zai kafa kara a gaɓar ruwa, a koma inuwa a zauna. In bayan ɗan lokaci ruwa ya ja da baya ya bar karan a tsandauri, to ya fara janyewa, sai yaron mota ya naɗe wando ya shiga da sanda yana auna zurfi. Samari kuma su ɗaga babura su ƙetarar, a ba su na goro. A ganina wannan jiran ya fi duk wata gwaninta ta tuƙi, domin ruwa mai gudu da ya kai gwiwa ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, kuma babu wanda ke ganin ramin da ya haƙa a ƙasa.

Kwalta ma ba a cika amince mata ba. Ruwa kan cinye ƙasar da ke riƙe kwalbati ya bar saman titi lafiya lau, sai tirela ta hau ya rufta. A cikin Falgore ciyawa takan yi tsawo ta rufe kwana, ga shanu suna tsallakawa, don haka direbobi suka fi son sammako su fita daga dajin da sauran rana. Hanyoyin burji na ƙauyuka kuwa, wasunsu sai ɗan acaɓa.

Mutanen Bebeji sun san abin da ruwan wannan wata zai iya. A Agustan 1988 madatsar Bagauda da ke ƙasarsu ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki.

Zuwa tsakiyar Satumba marka takan lafa, ruwa ya koma na hadarin yamma mai iska da tsawa, ya zubo da ƙarfi ya ɗauke. Ƙoramu suna raguwa, amma ramukan da damina ta bari suna nan, kuma a kansu manyan motoci za su bi da buhunan masarar Doguwa da shinkafar Tudun Wada in kaka ta yi.