'YAR ƘWAƘWALWA MAI JIN MAGANA: SANA'AR DA TA DACE DA HANNUN MACE

 Yau na ajiye zancen lalle da girki, na zo muku da wani abu da aka daɗe ana ce mana wai na maza ne, wato haɗa kayan lantarki.

Mu 'yan Dala bai kamata aikin hannu ya ba mu tsoro ba, domin labarin kaka da kakanni ya nuna maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dutsen Dala neman tama, har gari ya kafu. To, ƙirar wannan zamani ba ta bukatar zuga-zugi ko guduma, sai natsuwa da ido da haƙuri, irin wanda kike sa wa idan kina saƙa ko ɗinkin hula.

Idan kika leƙa cikin rediyo ko wayar da aka buɗe, za ki ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu. Masu gyara suna kiransu ai-si, ni kuwa ina ce musu 'yar ƙwaƙwalwa. A cikinsu akwai ƙananan ƙofofi da ke yanke hukunci. Misali, Umma ta ce za ki je biki idan kin gama wanke-wanke DA shara. In ɗaya ya rage, ba zuwa. Wannan ita ce ƙofar "da". In kuwa ta ce za a buɗe ɗaki idan Baba KO Yaya ya zo da makulli, kowanne ya zo ya wadatar. Ƙofar "ko" ke nan. Akwai kuma ƙofar "a'a" mai juya e ta koma a'a. Wallahi da irin waɗannan ƙofofi aka gina kwamfuta duk girmanta.

A da, galibi yadda kamfani ya ƙera ai-si haka za ta zauna har ta mutu. A 1985 kamfanin Xilinx na Amurka, bisa dabarar injiniya Ross Freeman, ya fito da wadda ake kira FPGA, wadda mai ita zai tsara ƙofofinta yadda yake so, gobe ya goge ya sake wani tsarin, kamar allon makarantar allo. Ana rubuta mata tsari da harshen Verilog ko VHDL.

Amma mai koyo ba ta fara hawa daga reshe. Shawarata ki fara da allon Arduino, wanda aka ƙirƙiro a 2005 a garin Ibireya na Italiya domin ɗalibai. Bambancinsa da FPGA shi ne, shi umarni yake bi ɗaya bayan ɗaya, ba a sake masa ƙofofi. Kina haɗa shi da kwamfuta ta wayar USB, manhajarsa kyauta ce, wutarsa bolt 5 kacal. Darasin farko shi ne ki sa ɗan ƙwan LED ya riƙa kyaftawa, daƙiƙa ɗaya a kunne, ɗaya a kashe. Kada ki manta da razista mai om 220 a gaban ƙwan, in ba haka ba zai ƙone.

Aikin da na fi so a gwada shi ne mai gadin tanki. Kowa ya san wahalar ruwa a lungunanmu na cikin gari, amma sai a kunna injin a manta, tanki ya cika ya yi ta ambaliya. Sai ki sa makunnin nan mai tasowa da ruwa a kusa da bakin tanki, ki ja wayarsa zuwa allon, ki rubuta cewa idan makunnin ya taso ƙararrawa ta yi kuka. Shi ke nan, kin tsare ruwa, kin tsare kuɗin Baba.

Razista da waya da dalma ana samunsu wurin masu kayan gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari, allon kuwa ana iya yin odarsa ta intanet. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu kamar adashi, ku nemi malamin kimiyya ya duba muku. Sai dai ina jan kunnenku: batir kawai za ku yi wasa da shi. Wutar gida ta haura bolt 200, tana kisa, ba a taɓa ta sai ƙwararre.

Mai cewa ba aikin mata ba ne, ki ba shi labarin Limor Fried, wadda ta kafa kamfanin Adafruit a 2005 tana ɗaliba a jami'ar MIT, tana sayar wa masu koyo irin waɗannan kaya. Ke da ke GGC Dala ko wata makarantar, ki riƙe lissafi da fizik da kyau, ga Jami'ar Bayero nan da sashen injiniyan lantarki. Ko aure ya zo da wuri, wannan sana'a ce ta tebur ɗaya a cikin ɗaki, kuma abin da ke kanki ba mai ƙwace miki shi.

Allah ya ba mu sa'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.