Taga Biyu Da Tabarau: Yadda Hoton Waƙa Ke Ba Da Labari

Da yawa daga cikin manyanmu a zango sun san waƙoƙin turawan karkarar Amurka tun zamanin kaset ɗin Don Williams da Dolly Parton. A wancan lokaci kunne kaɗai ke aiki. Yanzu kuwa yaranmu da ido suke sauraron waƙa, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu dubi ɗaya daga cikin hotunan da suka yi fice, wato na waƙar "You Belong with Me" ta Taylor Swift, wanda Roman White ya shirya a jihar Tennessee a 2009.

Labarin bai kai minti 4 ba. Yarinya ce da yaro maƙwabta, tagar ɗakinta na duban tasa. Ba su magana da baki, sai dai kowa ya yi rubutu a takarda ya ɗaga wa ɗan'uwansa. Ran nan ta rubuta abin da ke zuciyarta, kafin ta ɗaga ya riga ya ja labule. To, a nan gwanintar take. Ko mutum bai jin Turanci ko kalma ɗaya, da ganin labulen nan ya san an bar ta da magana a ciki. Takardar kuma ba a jefar da ita ba; an ajiye ta har ƙarshe, a wurin rawar ƙarshen shekara ta 'yan makaranta, inda ta fito da ita, shi ma ya fito da tasa mai irin rubutun.

Kiɗan banjo na tashi a ƙarƙashin waƙar, kuma masana sun ce asalin banjo kayan kiɗan Afirka ta Yamma ne, dangin molo da gurmi, waɗanda bayi suka tsallaka teku da iliminsu. Amma a hoton babu doki, babu gona, babu malafa. Makaranta ce da filin ƙwallo, domin matasan birni ake nema.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne Taylor Swift ce ta fito a matsayin 'yan mata biyun. Ita ce mai ƙaton tabarau, 'yar badujalar makaranta, mai zama da littafi. Ita ce kuma budurwar yaron mai baƙin gashin aro da jar mota, mai girman kai. Fuska ɗaya, jiki ɗaya. Ke nan da tufafi da launi kaɗai aka gaya wa mai kallo wadda zai so da wadda zai ƙi: ta kirki ta shigo wurin rawa da farar riga, ɗayar da ja. Dabarar ta ci, amma a ganinmu hukuncin ya yi arha, don ba a ba mai jar rigar damar mu san ta ba. Mu malamai kuma akwai abin da ya tsaya mana a rai: sai da yarinyar ta ture littafi, ta cire tabarau, sannan idon jama'a ya kai kanta.

Hoton ya ci kyautar MTV ta mawaƙa mata a watan Satumba na 2009 a New York. A wurin ne Kanye West ya hau dandamali ya karɓe mata makirufo tana tsakiyar godiya, yana cewa na Beyoncé na cikin mafi kyawun hotunan waƙa da aka taɓa yi.