Maƙoƙo da Yarinyar da Ta Daina Girma

Likitoci sun san maƙoƙo tun da daɗewa, amma sun jima ba su san amfanin tsokar da ke kumburar ba. A 1656 Thomas Wharton na Ingila ya raɗa mata sunan tairod, ya kuma ce daga cikin ayyukanta har da cika wuya domin ya yi kyau, musamman wuyan mata. Tun kafin shi Sinawa ke ba masu maƙoƙo ciyawar teku, sai a 1811 Bernard Courtois ya gano sinadarin aidin cikin tokarta. Caleb Parry na garin Bath ya lura da wata mata mai kumburin wuya, bugun zuciya da fitowar ido tun 1786, amma rubutunsa bai fito ba sai 1825 bayan rasuwarsa. Yau Robert Graves na Dublin, wanda ya rubuta nasa a 1835, shi cutar ke amsa sunansa, Jamusawa kuma suna kiranta da sunan wani likita, Basedow.

Aikin tsokar kuwa a ɗakin tiyata aka gano shi, kuma marasa lafiya ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Maƙoƙo ya yi katutu a tsaunukan Suwizalan saboda ƙasar ba ta da wadataccen aidin. Yanka shi kuwa kasada ce, kusan huɗu cikin goma sukan mutu da zubar jini ko ruɓewar rauni. Theodor Kocher na birnin Bern ya canza wannan. Mutum ne mai tsafta da nutsuwa, yana ɗaure jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya, ba ya gaggawa.

A 1874 ya cire wa wata yarinya 'yar shekara 11 tsokar gaba ɗaya. Rauni ya warke, aka sallame ta. Daga baya likitan ƙauyensu ya aiko cewa yarinyar da aka sani da fara'a ta koma mai kasala da ɓata rai. Kocher bai bi sawu ba sai bayan da Jacques-Louis Reverdin na Jeniba ya ba da irin wannan labari a 1882. Da aka kawo ta, ya tarar girmanta ya tsaya cak, fuska ta kumbura, magana da tunani sun yi nauyi. Ƙanwarta, wadda a da ba ta kai ta tsawo ba, ta zama budurwa ta wuce ta nesa. Ya aika a kira duk waɗanda ya yi wa wannan aiki. Cikin 18 da suka zo, 16 na da alamun ciwon. Ya tsaya gaban taron likitocin tiyata a Balin a 1883 ya bayyana abin da ya gani, ko da yake a lokacin ya ɗauka raunin maƙogwaro ne sila. A nan ya kuskure.

George Murray ne ya kawo hujjar da ta rufe gardama, cewa rashin tsokar ne sila. A 1891 a Newcastle ya tatsi ruwan tairod na tumaki ya riƙa yi wa wata mata mai irin waɗannan alamu 'yar shekara 46 allurarsa. Kumburin ya sace, gashi ya tsiro, kuzari ya dawo, ta ƙara shekara 28 a duniya. Kocher, wanda ya koma barin wani yanki na tsokar idan yana aiki, ya karɓi kyautar Nobel a 1909, likitan tiyata na farko da ya samu. Suwizalan ta fara zuba aidin a gishiri a 1922, Nijeriya ta wajabta hakan a 1993.