Rediyon Udoji da ke kwance a falukan Fadan Kaje

A tsofaffin gidajen malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa, daga Fadan Kaje zuwa Zonkwa da Kafanchan, akan tarar da wani akwati mai fuskar azurfa da gefen katako a kabad ɗin falo, an lulluɓe shi da ƙyalle. A goshinsa an rubuta Pioneer, ko Sansui, ko Kenwood. Rediyo ne haɗe da amfilifaya, ƙirar Japan, wanda a zamaninsa ya juyar da faifan Jim Reeves da na Ɗanmaraya Jos har maƙwabta su ji.

Da yawansu kuɗin Udoji ne ya saye su. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya ba gwamnatin Janar Yakubu Gowon shawarar ƙara albashi, aka biya ma'aikata har da ariyas a dunƙule. Wasu suka sayi babur, wasu kayan sauti. Lokacin kuwa kamfanonin Japan na gasar ƙarfin murya, har Pioneer ya fitar da SX-1980 a 1978, mai wat 270 a kowane ɓangare da nauyin kilo 35.

Yau masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai na biyan dubban daloli kan wannan samfurin, kuma ƙannensa ma ba a raina su. Wasu don daɗin sautin suke nema, wasu don hasken gilashin tashoshi da ke ƙawata ɗaki da dare. A gida kuwa, mai tayin farko shi ne ɗan gwangwan, wanda jan ƙarfen taransifoma kawai yake gani, ya auna a sikeli ya biya. Wannan asara ce da ba ta kamata ba.

Ɗaya haɗarin na hannun magada ne. Ma'aikacin da ya je gida Kirsimeti daga Abuja kan ɗokanta ya jona wa na'urar wuta, alhali kafasitocinta sun bushe shekaru arba'in. Gara mai gyara ya fara buɗe ta, ya kuma duba rubutun bayanta: wadda aka ƙera don Japan bolt 100 take sha, ta Amurka 120, wutar Najeriya kuwa 230. Idan ta ƙone, samun kayan gyara na asali aiki ne ja, domin an daina ƙera yawancinsu, kuma kamfanin Sansui kansa ya durƙushe a 2014.