Bayani A Kan Rabon Ƙaramin Mai Hannun Jari Idan Kamfanin Ma'adinai Ya Yi Ƙarar Gwamnati

 

Dalilin wannan bayani shi ne abin da ya faru a Nijar a 2024. A watan Yuni gwamnati ta janye lasin haƙar yuraniyom na Imuraren daga hannun kamfanin Orano na Faransa. A watan Yuli kuma ta janye na Madawela, kusa da Arlit, daga hannun kamfanin GoviEx na Kanada, bisa hujjar cewa bai fara haƙa ba cikin wa'adin da aka ba shi. Dukansu biyu suka kai ƙara waje. Shi Orano kusan dukansa na gwamnatin Faransa ne, babu ƙaramin mai jari a ciki. GoviEx kuwa a lokacin a kasuwa ake sayar da hannun jarinsa, kuma farashinsa ya faɗi ƙwarai da jin labarin. To, yanzu da mutum yake iya sayen hannun jarin waje ta wayar hannu, akan sami mai cewa: ga kaya ya yi araha, a saya a ajiye, ranar da aka ci shari'a a kwashi diyya. Wannan magana ita muke so mu auna, mudu mudu.

Wurin da ake shari'ar

Ku sani, mafi yawan irin wannan ƙara ana kai ta wata cibiya ce ta Bankin Duniya da ke Washintan, wadda aka kafa a 1966 domin raba gardama tsakanin gwamnatoci da baƙi masu zuba jari. Ana taƙaita sunanta ICSID, mutanen Nijar kuwa su ce CIRDI. Nijeriya ce ƙasar da ta fara tabbatar da yarjejeniyarta, a 1965. Alƙalai uku ne kan zauna: kamfani ya zaɓi ɗaya, gwamnati ta zaɓi ɗaya, na uku a daidaita a kansa. Babu ɗaukaka ƙara. Sai dai wanda aka kayar yana da kwana 120 ya nemi a soke hukuncin, in yana da hujjar an saɓa ƙa'idar shari'a, kuma wannan kaɗai yakan ci shekara ɗaya ko biyu. Ita cibiyar ba ta da ɗan doka, ba ta da kurkuku. Takarda take bayarwa. In gwamnati ta ƙi biya, sai mai takarda ya bi ƙasa ƙasa yana neman dukiyarta da kotu za ta yarda a kama, alhali ofishin jakadanci da kuɗin babban banki galibi ba a taɓa su.

Wane ne mai ƙarar

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Ƙarar ta kamfani ce, diyyar ma ta kamfani ce. Mai hannu ɗari cikin hannu miliyan ɗari ba shi da sammaci, ba shi da lauya a wurin, ba a tambayarsa in za a yi sulhu. Shugabannin kamfani ne suke yanke nawa za a karɓa, kuma su ne suke yanke a raba ko a ajiye. A taron shekara ana ƙirga ƙuri'a da yawan hannu ne, ba da yawan kawuna ba, saboda haka mutum biyu ko uku masu babban jari sukan rinjayi dubbai.

Wanda ya karanta babin gado zai gane tsarin da sauri. In mutum ya rasu akan fara da likkafani, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, sa'an nan masu rabo ƙayyadadde, abin da ya saura shi ne na asaba, in bai saura ba su tashi hannu wofi. To mai hannun jari shi ne asaba. A gabansa akwai lauyoyi, akwai masu bin kamfani bashi, akwai haraji, akwai kuma wani mutum da ba mu saba da shi ba a kasuwanninmu, watau mai ɗaukar nauyin shari'a. Kamfanin da aka ƙwace wa rami ba ya da abin sayarwa, shari'ar kuwa tana cin miliyoyin dala. Sai wani kamfanin kuɗi ya biya lauyoyi, da sharaɗin in an faɗi ya yi asara, in an ci ya fara ɗiban kuɗinsa har da ninki ko wani kaso na diyya. Bayan wannan akwai albashin ma'aikata da kuɗin ofis na shekarun jira. Ana samunsu ne ta hanyar buga sababbin hannayen jari a sayar, kuma duk bugu ɗaya kamar ƙara ruwa ne a fura: ƙwarya ta cika, ƙarfinta ya ragu.

Ga misali da lissafinmu na hatsi, misali ne kawai. A ce alƙalai sun yanke buhu 100, kai kuma kana da hannu 1 cikin 100, kana sa ran buhu guda. Aka yi sulhu a kan 80. Mai ɗaukar nauyi ya ɗebi 25. Bashi da lauyoyi da haraji suka ci 15. Shugabanni suka riƙe 15 domin neman sabon rami. Saura 25. Amma cikin shekarun jira an ninka hannaye sun zama 200. Rabonka ya koma kashi ɗaya cikin takwas na buhu, watau tiya 5 in buhun mai tiya 40 ne. Wannan fa an ci shari'ar ke nan, kuma an biya.

Wanda aka kayar

Kamfanin Gabriel Resources na Kanada ya so haƙar zinariya a Roshiya Montana, cikin ƙasar Romaniya. Mutanen ƙasa suka yi bore saboda gubar wanke zinariya da kuma tsofaffin ramukan Rumawa da ke wurin, aiki ya tsaya. Kamfani ya kai ƙara a 2015, ya nemi dala miliyan 4,400. Shekara kusan tara mutane suna riƙe da hannun jarinsa, ba don zinariya ba, don hukunci. Ranar 8 ga Maris 2024 alƙalai biyu cikin uku suka kori ƙarar, suka kuma ce kamfani ya biya Romaniya wajen dala miliyan 10 na kuɗin shari'a. Da aka buɗe kasuwa, farashin hannun ya zube da fiye da kashi 90 cikin 100. Hatsi in ya faɗi, ko ba komai ana tuƙa tuwo da shi. Takardar da ta dogara ga hukunci guda, in hukuncin ya juya, babu abin tuƙawa.

Wanda ya ci, amma wani ya kwashe

Kamfanin Crystallex, shi ma na Kanada, yana da yarjejeniyar haƙar zinariya a Las Kiristinas ta ƙasar Benezuwela. Gwamnati ta soke ta a 2011. Kafin shekarar ta ƙare kamfani ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashin dala miliyan 100, daga baya kuma aka cire hannun jarinsa daga babbar kasuwar Toronto. A 2012 wani kamfanin kuɗi mai suna Tenor ya ranta masa dala miliyan 36 domin shari'a, da sharaɗin kashi 35 cikin 100 na ragowar diyya. Shari'a ta yi tsawo, aka yi ta ƙaro rance, kason Tenor ya yi ta hawa har ya haura 70. A watan Afrilu 2016 aka yanke wa Crystallex dala miliyan 1,200 ban da ruwa. Benezuwela ta biya wani ɓangare ta tsaya. Kamfani ya bi ta Amurka domin a kama hannun jarin kamfanin man Citgo, kuma har 2025 ana ta fama a kotu a kan gwanjonsa. Ƙananan masu jari sun kai kuka kotun Kanada a kan kason Tenor, ba su yi nasara ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wanda ya samu

Don kada a ce mun nuna gefe ɗaya. A 2018 Tanzaniya ta soke wasu lasisin ma'adinai, ciki har da na ƙarfen nikel na Ntaka Hill, inda kamfanin Indiana Resources na Ostareliya yake da babban kaso. Aka kai ƙara a 2020, da kuɗin wani mai ɗaukar nauyi. A Yuli 2023 aka yanke sama da dala miliyan 109. Tanzaniya ta nemi a soke, daga baya a Yuli 2024 aka yi sulhu a kan miliyan 90, biya kashi uku. Mai ɗaukar nauyi ya ɗauki nasa, kuma kafin 2024 ta ƙare kamfani ya raba wa masu hannun jari kuɗi a hannu. Ku duba abin da ya haɗu a nan: diyyar ba ta fi ƙarfin aljihun ƙasar ba, gwamnati tana son baƙi su dawo da jari, shugabannin kamfani kuma sun yarda su raba. In ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, labari ya sake.

Sulhu ma ba kullum yake zama kuɗi ba. A 2019 an yanke wa Pakistan kusan dala miliyan 6,000 a kan ramin tagulla da zinariya na Reko Dik. A 2022 aka daidaita: kamfanin Barrick ya koma aikin da rabin mallaka, abokin tarayyarsa Antofagasta ya karɓi wajen miliyan 900 ya fita.

Komawa ga Madawela

GoviEx ya shigar da ƙararsa a Disamba 2024. A Fabrairu 2025 shi da gwamnatin Nijar suka sa hannu a takardar neman sulhu, aka dakatar da shari'ar domin a tattauna. Kafin ƙarshen 2025 ya haɗe da wani kamfani na Ostareliya mai suna Tombador Iron, suka ɗauki sunan Atomic Eagle, suka sa ramin Muntanga na Zambiya a gaba. Wanda ya saya a 2024 domin diyyar Nijar, sai ga shi riƙe da hannu a wani kamfani mai wani suna da wata manufa.

Abin da za a tambaya

Duk wanda aka kawo wa irin wannan haja, ya yi tambaya biyar kafin ya kwance bakin jaka. Wa yake biyan lauyoyi, kuma nawa ne kasonsa? Bashin nawa ne a kan kamfani? Hannaye nawa ne yau, nawa ne shekara uku da suka wuce? Ƙasar da ake ƙara ta saba biyan irin wannan hukunci? Shugabanni sun faɗa a rubuce cewa za su raba, ko kuwa shiru suka yi? Dillalin da ya kasa amsa waɗannan, cinikin biri a sama yake yi maka.

Sa'an nan a lissafa lokaci. Jarin da muke sa wa gero da kaka mu fitar da bazara yana juyawa kowace shekara. Wanda aka ɗaure a shari'a yakan kwana shekara biyar zuwa goma, babu riba, babu ranar kwancewa. Malamanmu sun daɗe suna tsoratarwa game da cinikin garari, irin sayar da kifi yana cikin ruwa, saboda haka wanda zai shiga ya fara zama da malaminsa. Kada kuma a sa kuɗin amana, ko na marayu, ko jarin da ake ci da iyali a cikin wannan.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare mu daga asara. Haza wassalamu.