Digirin Falsafa: Wa Ke Iya Jiran Ribarsa?

Kwanakin baya wani dattijo ya same ni a ofis tare da ɗansa. Yaron karatun lauya ya nema, jami'a kuwa ta ba shi gurbi a sashen falsafa. Bayan mun gaisa sai dattijon ya ce, "Malam, ba jayayya ta kawo ni ba. In ya gama, wa zai ɗauke shi aiki?"

Mu malamai mun iya zille wa wannan tambaya. Nan da nan sai mu ce falsafa tana wasa ƙwaƙwalwa, tana koya wa mutum rarrabe hujja da hayaniya. Gaskiya ne, amma ba shi aka tambaya ba. Wanda ya sayar da buhunan masara ya biya kuɗin rajista yana da haƙƙin a yi masa lissafi.

Tambayar ma tsohuwa ce. Aristotle ya kawo labarin Thales, masanin falsafa na birnin Miletus, wanda aka yi wa gorin talauci. Da iliminsa na taurari ya hango cewa zaitun zai yi albarka, sai tun cikin hunturu ya ba da 'yan kuɗin da yake da su ya kama hayar wuraren matsar mai da araha. Da kaka ta zo kowa ya bi ta hannunsa, ya yanka farashin da ya ga dama. Masu kare falsafa suna son labarin nan, sai dai sukan tsallake abu guda: hasashen damina da ɗan jari ne suka kawo kuɗin. Haka abin yake ga misalan zamani. George Soros ya karanta falsafa a Landan, inda ya yi ɗalibta a wurin Karl Popper. Peter Obi ya kammala digirin falsafa a Nsukka a 1984. Dukansu a kasuwa suka yi dukiya, kuma ba wanda ke ƙirga abokan ajinsu da ba mu taɓa jin sunansu ba.

Abin da ya fi yanke wa digirin daraja shi ne ƙofofin da kowace ƙasa ta buɗe masa. A Amurka sai an gama digirin farko ake shiga karatun lauya, saboda haka falsafa tsani ce mai kyau a can. A nan wanda ya gama falsafa, in yana son lauya, sai ya koma aji biyu ya sake shekara huɗu, sannan ya wuce Makarantar Koyon Aikin Lauya. A Jamhuriyar Nijar, kamar a Faransa, ana koyar da falsafa a ƙarshen sakandare, ana kuma jarrabawarta a bakaloriya, don haka malaminta yana da aji da albashi. A Nijeriya ba ta cikin darussan WAEC ko NECO. Abin da ya rage shi ne koyarwa a jami'a, inda kowane ɗalibi kan ɗauki darasin falsafa da manɗiƙi, amma wannan gurbi yana buƙatar ƙarin digiri, kuma kujerunsa kaɗan ne.

Ba duka ne asara ba. A aikin gwamnati, mai digirin falsafa da mai na tattalin arziki mataki na 8 suke farawa. Bankuna da yawa ba sa tambayar fanni wajen ɗaukar sababbin ma'aikata, sakamako da jarrabawar basira suke dubawa, kuma wanda ya sha manɗiƙi ba ya tsoron irin wannan jarrabawa. A abin da na gani, amfanin digirin yakan bayyana ne bayan shekaru, lokacin da aiki ya koma rubuta rahoto da kare matsayi a gaban manya.

To, a nan gizo ke saƙar. Ɗan mai hali yana iya jira. Ɗan manomi da ya ci bashin NELFUND, ko da yake babu ruwa a kansa, doka ta sa a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashinsa shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Alawus na naira 77,000 da ake ba masu hidimar zai tsaya ranar da ya ajiye kaki, ƙanne kuma suna jiran kuɗin makaranta. Ga irin wannan yaro, digirin da ribarsa ke zuwa a makare yana da tsada ko da kyauta aka ba shi.

Ban ce wa dattijon ya ƙi gurbin ba, domin shekara guda a gida ma kuɗi ce, kuma ba tabbas baɗi za a ba shi lauyan. Na ce yaron ya karɓa da sharaɗi biyu: ya fita da sakamako mai daraja ta biyu babba ko sama, kuma tun daga aji ɗaya ya kama wani abu da ake biya a kansa, ko lissafin kuɗi, ko aikin kwamfuta, ko fassara. Da na tambayi yaron ko ya taɓa buɗe littafin falsafa, sai ya ce a'a. Na ba shi aron guda, na ce ya dawo bayan sati biyu mu sake lissafin.