Mantuwa da Tazarar Bita a Karatun Manya

Daga cikin matsalolin da suka daɗe suna damun ma'aikatan yaƙi da jahilci akwai komawar ɗalibai gidan jiya. Akan buɗe ajin manya da rani, a rufe shi da faɗuwar damina. Kafin a gama aikin kaka, sai a tarar wanda ya iya haɗa baƙi da wasali ya koma lalube. Galibi akan ɗora laifin bisa yawan shekaru. Amma binciken masana ya nuna cewa tsarin lokacin koyarwa yana da babban kaso a ciki.

Wanda ya fara auna mantuwa da lissafi shi ne Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, a littafinsa na 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan ya auna yawan aikin da ya huta da shi wajen sake haddace su. Bayan awa guda, kashi 44 cikin ɗari ne ya rage masa. Bayan kwana ɗaya, kimanin kashi 34. Bayan kwana 31, kashi 21. Wato mantuwa da gudu take farawa, daga baya ta lafa. Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana uku ya yi daidai da maimaici 68 da aka yi a zama ɗaya.

An tabbatar da haka ga manya ma'aikata. A 1978, Baddeley da Longman sun ba da sakamakon gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya a Ingila masu koyon buga na'urar rubutu. Waɗanda aka koyar awa guda a yini sun ƙware cikin awoyi kaɗan bisa ga waɗanda aka koyar awa huɗu a yini.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke ajiya. Sabon abu yakan bi ta wani sashe da ake kira hifokamfus kafin ya zauna daram. An gane muhimmancinsa bayan 1953, sa'ad da aka cire wa wani majinyaci a Amurka mafi yawan sashen ta ɓangarorin biyu, ya kasa riƙe sabon labari, alhali yana tuna ƙuruciyarsa. Zaman nan yana bukatar lokaci, barci kuma yana taimaka masa: tun 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi wanda ya zauna a farke riƙewa.

Shekaru kuwa ba su rufe ƙofa ba. Binciken Stanislas Dehaene da abokan aikinsa na 2010, a Burazil da Fotugal, ya nuna cewa ƙwaƙwalwar wanda ya koyi karatu da girmansa ita ma tana ware wa haruffa wuri a ɓangaren hagu.

Abin da ya kamata masu tsari su ɗauka shi ne: darasi gajere kullum ya fi dogon zama jefi-jefi, a fara kowane darasi da tambayar abin da aka koya jiya, kada kuma a bar damina ta wuce ba bita, ko da zama ɗaya ne a mako, tare da jaridar karkara ko ɗan littafi a hannu. Alarammomi sun daɗe da sanin cewa hadda ba ta zama sai da tilawa, kuma ajin boko na manya yana bukatar irin tasa tilawar.